Rigimar tuwil da fowil ta shiga tsakanina da Yayana

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan Jos ne, shekarata 34, ina da shagon taki da maganin feshi. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa shekara biyu kenan, ya bar mana gona wajen Jengre hekta 22, kamar 16 tudu ce muna masara da waken suya, 6 kuma fadama ce muna shinkafa. Mu bakwai ne, ni da Yayana da mata huɗu da autanmu mai shekara 13, sai Hajiyarmu. Mun saida wani gidan haya da Baba ya bari mukace maimakon a raba kowa ya cinye gara mu sayi tarakta mu dinga nomanmu muna kuma bada haya. Kuɗin sun isa Massey 375 tuwil, wato mai ja da ƙafafun baya kaɗai, sabuwa da garma da haro da tirela, Yaya kuma ita yake so. Ni kuma nace fowil 385 mai ja da ƙafa huɗu za a saya, domin bara wadda muka hayo tuwil ce ta kafe mana a fadama kwana uku, kafin a ciro ta a samo wata ruwa ya cika wurin, rabin shinkafar ma bamu shuka ba. Matsalar ita ce kuɗinmu basu kai na fowil ɗin ba sai an saida filin Hajiya na Rikkos, kuma duk da haka babu tirela. Yaya ya yi shekara 18 yana tuƙa tarakta a hannun mutane, ni kuma na kalli bidiyoyi da yawa a waya naga yadda fowil ke ratsa taɓo. Ranar da muka zauna magana ta yi zafi nace masa ai kai direba ne kawai, zamani ya wuce ka, a gaban Hajiya da ƙannenmu da matarsa. Bai ce uffan ba ya tashi ya fita, yau wata guda kenan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Hajiya tace a saida filin in dai za a zauna lafiya. Damina na matsowa, kuɗi na banki kullum darajarsu na raguwa. Malam wa ke da gaskiya a cikinmu, kuma ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa aljanna ce makoma, ku kuma ya albarkaci abin da ya bar muku. Na karanta wasiƙarka har sau biyu kuma na ji zafin da ke ranka, mutumin da ya tsaya kwana uku a bakin fadama yana kallon tarakta a kafe ga hadari na haɗowa ga irin shinkafa a buhu, dole wannan abin ya zauna masa a rai, kuma ba laifi bane ka rantse ba za a sake yi maka haka ba. Toh amma bari mu bi abin a hankali, domin magana uku ce ta cakuɗe maka wuri ɗaya, ta inji da ta gado da ta zumunci.

A maganar inji kana da gaskiya, ba zan ɓoye maka ba don in faranta wa Yayanka. A ƙasa mai laushi fowil ta fi tuwil, kuma ga dalili. Tuwil ƙafafun baya ne kaɗai ke ja, na gaba tura su ake yi, ga su sirara, irin 7.50-16 ɗin nan da ke gaban 375, in suka shiga taɓo sai su nutse su tara laka a gabansu kamar ana tura baro a cikin yashi, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen jan garma sai wani kaso ya ƙare wajen tura gaban motar. Shi ya sa zakaga direban tuwil a fadama ya murɗa sitiyari motar ta ƙi juyawa sai ya taka birkin ɓangare ɗaya ya juyo ta da ƙarfi. Fowil kuwa tayoyin gabanta manya ne masu gwaɓi, na 385 ɗin da kake so 12.4-24 ne, suna ja da kansu, suna kuma danne hanya su bar wa na baya sawu mai ɗan tauri su bi. Sannan nauyin motar, a tuwil kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari yana kan ƙafafun gaba da basa jan komai, a fowil kuwa kusan 40 a gaba 60 a baya kuma dukkansa yana aiki.

Ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka tana da wani lissafi da ake koyarwa a makarantun aikin gona, na yawan ƙarfin da ke isa ga garma daga cikin wanda inji ke fitarwa ta fitiyo, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a bayan tarakta. A ƙasa mai laushi tuwil tana isar da kamar 55 cikin ɗari, fowil irin wadda ake sa mata giyar gaba kamar 65. Wato in motar tana bada ƙarfin doki 60, tuwil za ta ja da doki 33, fowil da 38 ko 39. Wannan bambanci ne na gaske. Amma ka saurari ragowar lissafin domin shi ne bidiyon waya baya nuna maka, a ƙasa mai tauri irin ta tudu tuwil tana bada kamar 72, fowil 76 ko 77, tazarar ta tsuke sosai, a kan kwalta kuwa kunnen doki suke. Yanzu ka koma ka dubi wasiƙarka, hekta 16 tudu, 6 fadama. Kusan kashi uku cikin huɗu na gonarku a wurin da tuwil ba ta da wata matsala yake, kuma masu masarar da za su hayi motarku daga Jengre har zuwa ɓangaren Saminaka yawancinsu manoman tudu ne.

Sai abu na biyu da nake so ka riƙe da kyau, fowil ba kwalekwale bace, ita ma tana kafewa, kuma in ta kafe ta fi wahalar cirowa. Na taɓa tsayawa a wata fadamar shinkafa a ƙasan Filato cikin watan Yuli, wani bawan Allah ya kawo sabuwar fowil ko ledar kujera ba a cire ba, yaron da ke tuƙa ta ya shiga wurin da duk manoman wurin suka ce masa ido ne, ruwa na tsattsafowa daga ƙasa, yace ai ogzileri gare ta, wato giyar da ke sa ƙafafun gaba su ja. Ta yi tafiya mai kyau kamar taku talatin, inda tuwil da tuni ta tsaya a bakin wurin an jawo ta da sauƙi, ita kuwa sai da ta kai tsakiya sannan ƙafa huɗun suka fara haƙa a lokaci ɗaya, yaron kuma maimakon ya tsaya sai ya ƙara wuta, kafin minti biyu cikinta ya zauna daram a kan laka, tayoyin na juyawa suna watso baƙin taɓo har kan rufin. Taraktoci biyu aka haɗa da sarƙa basu motsa ta ba, sai da aka yi kwana biyu ana haƙa da shebur ana cusa katako da duwatsu. Mai motar yana zaune kan kunya ya haɗa kai da gwiwa, ban manta fuskarsa ba. Abin da nake nufi shi ne fowil tana ƙara maka ƴan kwanaki ne a kan lokacin da za ka iya shiga fadama, da ɗan ƙarin wurin da za ka iya takawa, amma in ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi babu tayar roba da za ta yi aiki a kai.

Shi ya sa nake zargin abin da ya same ku bara ba laifin tuwil bane shi kaɗai, laifin lokaci ne. Ka san yadda haya take, mai tarakta yana da layi, sai ya gama da masu uwa a gindin murhu sannan ya zo kanku, kafin nan an shiga ƙarshen Yuni ko Yuli, mu kuwa nan ruwa tun Afrilu yake farawa, Yuli da Agusta ne tsakiyarsa. Wanda ke da motarsa a ƙofar gida ba ya jiran layin kowa. Fadama ana iya yi mata kaftu bayan an yanke shinkafa, wajen Nuwamba zuwa Disamba lokacin da ƙasa ke da sauran danshi amma ta ɗauki nauyi, ko kuma da zarar ruwan farko ya sauka ya jiƙa ta a Afrilu zuwa farkon Mayu, a fara da fadama a ƙare da tudu. Gwajin ma ba wuya, ka tona kamar tsawon taƙi ɗaya ka damƙo ƙasa ka dunƙula a hannu ka sake ta daga tsayin ƙugu, in ta wargaje a shiga, in ta faɗi a dunƙule tana sheƙi kamar kwaɓin tukunya a haƙura, domin ko motar bata kafe ba za ta danne ƙasar ta bar maka wani dandaɓe a ƙarƙashi wanda saiwa ba ta iya huda shi, shekaru kana biyan bashinsa.

Kuma akwai dabaru da ke rage wa tuwil rauninta a taɓo, na tabbata Yayanka ya san su fiye da ni. Na farko iskar taya, masu faci da yawa suna ɗura wa tayar bayan tarakta iska kamar ta tirela, 30 ko fiye, alhali a gona abin da ake so kamar 12 zuwa 16 ne gwargwadon nauyin da ke kanta, in iska ta yi daidai tayar na shimfiɗuwa gwaɓi da yawa su kama ƙasa. Akwai fedar makullin difiranshal da ke wajen dugadugin direba, wadda ke sa tayoyin baya biyu su juya tare, a taka ta tun taya ɗaya bata fara zamewa ba, a sake ta kafin a yi kwana. Akwai kejin ƙarfe da ake ɗaurawa a jikin tayoyin baya don aikin shinkafa, maƙera na haɗa shi kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da bambancin tuwil da fowil ba. Akwai zuba ruwa a taya da ɗaura nauyi a gaba, wannan yana taimakawa a tudu wajen jan garma, amma a wuri mai laushi sosai ƙarin nauyi ƙarin nutsewa ne, sai an san inda ake yi. Sannan kuna iya auna zamewar taya da kanku, a shafa alli a tayar baya, a ɗaga garma a tafi taya ta juya sau 10 a auna tsawon, ga tayar 16.9-30 zai kama wajen mita 44, sai a sauke garma cikin ƙasa a sake juyi 10 a auna. In ta bada mita 38 zamewar ta kama kashi 13 zuwa 14, lafiya lau, domin abin da ake so wa tuwil 10 zuwa 15 ne, fowil 8 zuwa 12. In kuwa mita 33 ta bada, kashi 25 kenan, gas kawai ake ƙonawa ana cinye taya.

Yanzu ɗaya ɓangaren, abin da nake jin Yaya ke hangowa wanda wataƙila bai iya tsara maka shi a magana ba. Mutumin da ya yi shekara 18 a kan kujerar tarakta ya san ranar da mota ke lalacewa, kuma ba ta lalacewa sai ana tsakiyar aiki. Gaban tuwil ba komai a ciki, ƙarfe ne da boris da tayarod, kowane bakanike na gefen hanya zai gyara. Gaban fowil kuwa akwai wani difiranshal ɗin, akwai shaf, akwai kuros a kowane ɓangare, akwai giyoyi a cikin hob, wato cibiyar taya, da ke son nasu man, akwai sil ɗin da in taɓo da ruwa suka ci shi mai ya tsiyaye ba a lura ba sai dai ka ji ƙara, ranar kuwa kuɗi ne masu nauyi. Tayoyin gaba manya sun fi tsada nesa, kuma ba a sa musu kowace saiz, domin an tsara su ne su ɗan riga na baya gudu da kaɗan, kamar kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, in aka sa wata saiz daban giya ce ke shan wahala, haka in direba ya bar ogzileri a ciki ya hau kwalta. Tana kuma buƙatar fili mai faɗi wajen juyawa, a ƙananan gonakin haya wannan ɓata lokaci ne. 375 da 385 ɗin da suka cika kasuwarmu yawanci na kamfanin Millat ne da ke Lahore a Pakistan, kayan 375 kuwa sun yi yawa a Arewa, in ba a samu a Jos ba a sako maka daga Kano ko Kaduna. Duk wannan ba tsohon yayi bane, lissafin wanda ya sha kwana a daji da mota a lalace ne.

Sai tirela, wadda ka ambata a gurguje kamar ba komai bace. Aikin garma da haro sati nawa ne a shekara? In ya yi yawa wata biyu zuwa uku. Sauran watannin tirela ce ke ciyar da tarakta, kwasar masara da kaka, kai taki da takin gargajiya gona, ɗaukar yashi da bulo da itace da rani. Fowil babu tirela mota ce mai tsada da za ta yi wata tara a rufe da tamfol. Ni a nawa ganin, da wannan gonar da wannan kuɗin da kuma wannan direban da Allah ya baku a cikin gida, 375 da cikakkun kayanta ta fi muku.

Amma ba na so ka ɗauka ƙofar fowil a rufe take. Ku zauna ku rubuta sunayen mutanen da kuke sa ran za su hayi motar, kowa da hektarsa, tudu ko fadama. In ya fito cewa rabin aikin ko fiye na masu shinkafar fadama ne, ko ƙasar wurin baƙar laka ce mai danƙo, toh lissafi ya canza kuma maganarka ta hau. A nan ma sai a nemi hanyar da ba ta bi ta kan filin Hajiya ba, ko fowil mai ƙaramin doki kamar 50 zuwa 60 wadda a taɓo za ta iya yin abin da babbar tuwil ke yi, ko ta hannu mai lafiya, da sharaɗin Yaya da bakaniken da ya yarda da shi su ɗaga gabanta da jak su girgiza tayoyi, su duba yoyon mai a hob, su sa ogzileri su ji ko tana shiga tana fita, su kuma gwada ta da garma a gona ba a harabar dillali ba. Ko kuma ku sayi tuwil bana, hekta 6 ɗin nan in shekara ta zo da ruwa da wuri ku hayi fowil ta kwana ɗaya ko biyu ku biya tun da wuri a sa ku a gaban layi, ku tambaya a ofishin PADP, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Filato, da ke Dogon Dutse ko cibiyoyin ayyukan gona da horaswa na ASTC, akwai kuma manhajar Hello Tractor da ke haɗa manoma da masu tarakta. In Allah ya sa albarka bayan damina biyu sai ku sayi ƙaramin injin hannun nan mai rotabeta, wato wuƙaƙe masu juyawa suna farfasa ƙasa, da masu shinkafa ke aiki da shi, shi ba shi da nauyi, inda babbar mota ke tsoro shi nan ne gidansa.

Kowace kuka saya dai ina roƙonku da abu ɗaya saboda rai. In ta kafe a tsaya nan take, a ɗaga garma ko a kwance ta, a haƙa bayan tayoyi a sa katako a fita da ribas. Kada a kuskura a ɗaura gungume a jikin tayar baya a ce za a yi gaba, kada kuma a ɗaura sarƙar ja a sama da ƙarfen ja na ƙasa, domin in tayoyin baya suka maƙale injin sai ya ɗaga gaban motar ta kifo ta baya a kan direba, kuma ƙasa da sakan ɗaya ya isa ta wuce inda za a iya tsayar da ita. Wanda zai zauna a kujerar nan Yayanka ne, uban ƴaƴa.

Toh mu zo maganar kuɗin, wadda ta fi damuna fiye da ta inji. In Hajiya ce kaɗai matar da Baba ya bari kuma iyayensa basa raye, a raba kuɗin gidan nan kashi 80, Hajiya na da tumuninta 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. Kai da Yaya in aka haɗa ku 28 gare ku. Ragowar 52 na Hajiya ne da ƴan'uwanka mata huɗu da yaro ɗan shekara 13, kuma a duk wasiƙarka ban ji inda kace ga abin da ɗaya daga cikin matan nan tace ba. Ƙanena wannan ba ƙaramin abu bane. Shirun mace a gaban yayyenta maza ba kullum yake nufin yarda ba, wata tana da kuɗin makarantar yara a kanta, wata mijinta ba ya da ƙarfi, wata so take ta ja jari, kunya ce kawai ta hana ta cewa a bani nawa. Ku sami malamin da ya san rabon gado ya fitar wa kowa kasonsa a rubuce, sannan a tambayi kowace ita kaɗai, ba a gabanku ba, za ki shiga ko a baki naki? Wadda tace a bata a bata ba tare da ɓata fuska ba, ko da hakan zai sa a rage haro ko a jira wata shekara. Kason autanku kuwa dukiyar maraya ce, a tambayi malamin yadda ya halatta a juya ta da wanda zai tsaya a kanta, kada a jefa ta cikin kasada don kawai ba shi da bakin magana.

Filin Hajiya kuma a bar mata abinta. Da tace a saida in dai za a zauna lafiya, ba fowil take so ba, ƴaƴanta take son gani suna cin tuwo a kwano ɗaya, kuma uwa tana iya bada fiye da fili don wannan. In ka karɓa a wannan yanayin ka karɓi abin da aka bayar cikin ƙunci. Fili a Rikkos yana zaune ba ya cin gas ba ya neman bakanike, tarakta kuwa daga ranar da ta taka gona darajarta ke sauka. Kuma ka yi tunanin ranar da fowil ɗin za ta kafe ko gabanta ya lalace, wace magana za ta fito a gidan nan, kuma a kan wa za ta sauka.

Waɗanda suka shiga sayen taraktar kuma a rubuta yarjejeniya, Alƙur'ani da kansa a ƙarshen Baƙara ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma hikimar nan tana amfani a duk harkar kuɗi ta ƴan'uwa. A rubuta kason kowa, a yanka wa Yaya ladan tuƙinsa daban da ribar kasonsa domin guminsa ba gado bane, a ware wani abu daga kowane aiki don sabis da taya, man inji kaɗai kamar duk awa 250 ake canza shi. Kai kuma da ka saba da littafin shago ka riƙe lissafi, awa nawa mita ta nuna, lita nawa aka sha, hekta nawa aka yi, wa ya biya wa ake bi. Kaga kowa ya samu wurin da ya fi iyawa.

Saura maganar da ka faɗa masa. Ka san ta yi muni shi ya sa ka rubuto ta da bakinka ba ka ɓoye ba, kuma na yaba maka da hakan. Amma ina so ka ji nauyinta yadda shi ya ji. Shekara 18 yana shan rana da ƙura a motar wasu, yana kawo musu kuɗi suna ce masa direba, wataƙila da wannan tuƙin aka biya wani abu na karatunka ko na auren ƙannenku, yau ga dama ta farko da zai hau motar da ke da kasonsa a ciki, sai ƙaninsa ya maimaita masa kalmar nan a gaban matarsa. Tashin da ya yi ya fita bai ce komai ba mutunci ne ya yi maka, da wani ne da ba a rabu lafiya ba. Shi ma ba zan wanke shi tas ba, wata guda yana fushi ga uwa na kallo ya yi yawa, kuma da ya zaunar da kai tun farko ya warware maka dalilansa kamar yadda babba ke yi da ba a kai nan ba. Amma kai ne ƙarami kuma kai ka yi furucin, don haka kai za ka taka.

Ka je gidansa da kanka, ba waya ba saƙo, bayan isha'i lokacin da gida ya yi shiru, ka zauna ƙasa kace Yaya na yi kuskure ka yafe mini, kada ka haɗa da amma, kada ka kawo maganar tarakta a wannan daren ko da shi ya taɓo ta. Matarsa ma ka bata haƙuri domin a gabanta aka yi. In kana jin nauyi ka ɗauki kawunku ko wani aminin Baba ya raka ka. Sannan tunda a gaban Hajiya da ƙannenku ka faɗa, ranar da aka sake haɗuwa ka janye ta a gabansu, kalma biyu ta isa.

In ya huce sai ka roƙe shi rana ɗaya ku tafi Jengre ku biyu, tun ruwa bai zauna ba. Ku ɗauki rodi mai tsawon mita ɗaya da igiyar awo da littafi, ku bi fadamar nan taku taku yana caka rodin kana rubutawa, ya nuna maka inda ke ɗaukar mota da inda ido yake, ka kai shi daidai inda ta bara ta kafe ka tambaye shi da shi ne a kai ta ina zai shiga kuma a wane wata. Ina kyautata zaton cikin hekta 6 ɗin nan wurin da ke da haɗari na gaske bai wuce ɗaya ko biyu ba, a kafa masa turaku a bar shi wa fartanya ko injin hannu. A can ne kuma za ka kawo masa maganar keji da hayar fowil da jerin sunayen masu haya, ka ji me zai ce. Ka gaida min Hajiya da kyau, in kun dawo ka rubuto min abin da rodin ya nuna.